Hawan Jini Da Gado: Me Ya Sa Magani Ɗaya Ke Yi Wa Wani Aiki, Ya Ƙi Wani?

Ranar wata Alhamis cikin watan Maris, lokacin da zafin Garwa kan sa mutum ya rasa inda zai sa kansa, muna zaune mu malamai a ƙarƙashin dalbejiyar makaranta bayan an sallami yara, sai hira ta gangaro kan tansiyon, wato hawan jini. Wani dattijo daga cikinmu, wanda ya riga mu fara riƙe alli da shekaru masu yawa, ya sa hannu a aljihu ya zaro kwalin magani ya ajiye bisa benci.

Ya ce, "Malamai, ku da kuke yawan karance-karance, ku warware mini wannan. Wata shida ke nan ina shan ƙwayar nan kowace safiya, ban taɓa tsallake rana ba, amma duk sa'ad da aka ɗaura mini abin awo a dantse sai a ce 17 bisa 10. Maƙwabcina irinta yake sha, a farmasi ɗaya ma muke saye, nasa ya sauko 13 bisa 8 tun watan farko. Mahaifiyata da shanyewar ɓarin jiki ta rasu, yayana kuwa ƙoda ce ta kwantar da shi har ya cika. To, maganin ne jabu, ko kuwa abin na gidanmu ne?"

Wani ya ce lalle jabu ne, ai kasuwa ta cika da shi. Wani ya ce in dai gado ne sai haƙuri, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Haka aka tashi ba a tsai da magana ba. Mu dai tambayar ta tsaya mana a rai, har ta sa muka shiga bin littattafai da mujallun likitoci. Mu ba likitoci ba ne, kuma wannan rubutu ba zai maye gurbin zuwa asibiti ba. Amma aikin malami ne ya ɗauko magana mai wuya ya sauko da ita inda kowa zai iya kamawa, shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo wa 'yan'uwa masu karatu abin da muka samo.

Yawan abin a ƙasarmu

Likitocinmu kan ce mutum yana da hawan jini idan awonsa ya kai 14 bisa 9 ko ya wuce, aka kuma maimaita awon a ranaku dabam-dabam aka samu haka. A Nijeriya 140 bisa 90 suke cewa, duk abu ɗaya ne. A shekarar 2015 Farfesa Samuel Kingue na Yawunde da abokan aikinsa suka buga sakamakon awon da suka yi wa manya fiye da 15,000 a biranen Kamaru. Kusan kashi 30 cikin ɗari suna da hawan jini, kuma cikin masu shi, waɗanda suka san suna da shi ba su wuce kashi 14 cikin ɗari ba. A 2018 kuma Dokta Daniel Lemogoum da jama'arsa suka fitar da nasu binciken na jihar Arewa Mai Nisa, birni da ƙauye, suka tarar abin ya wuce mutum ɗaya cikin kowane uku.

Ke nan idan aka tsaya sahun salla a Hausare ko Yelwa, ko aka zauna zaman makoki, da wuya a ƙirga manya goma ba a sami uku masu ɗauke da cutar ba, akasarinsu kuwa ba su sani ba. Hausawa kan ce jiki magayi, amma a wannan cuta jiki ba ya gaya wa mai shi kome. Mutum na iya shekara goma yana harkokinsa, ba ciwon kai ba jiri, alhali jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na ido da na ƙoda suna ta lalacewa.

Ƙoda mai tsaron madatsa

Yawancinmu in aka ce hawan jini, zuciya muke tunawa. Gaskiya ne zuciya ce ke harba jini, amma mai ƙayyade yawan ruwan da za a harba ita ce ƙoda. Duk wanda ya taɓa zuwa Lagdo ya ga madatsar da aka gama ginawa a kan kogin Binuwai a 1982 zai gane misalin. Masu tsaron madatsa su ke yanke shawarar ruwan da za a riƙe da wanda za a saki. In suka riƙe fiye da kima, ruwa ya danni bango. In suka saki fiye da kima, tafki ya ƙafe.

Kowane mutum yana da ƙoda biyu, kowace ba ta fi dunƙulen hannu ba, kuma a cikin kowace akwai 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya. A kwana ɗaya suna tace ruwan jini wajen lita 180, wato kusan cikin durom guda. Amma fitsarin da mutum ke yi bai cika wuce lita ɗaya da rabi ba. Sauran duk ƙoda ke tsotsewa ta mayar cikin jini, kuma da gishiri take wannan aiki. Kowace mace ta san gishiri yana jan ruwa: a barbaɗa shi a kan nama ya tsatso ruwa, a bar shi a buɗe da damina ya jiƙe. Haka yake a jiki. In ƙoda ta riƙe sinadarin sodiyam da ke cikin gishiri, ruwa ya biyo shi, jini ya ƙaru, ya matsi jijiyoyi kamar yadda ruwa ke matsar tiyo idan aka ƙure famfo.

'Yan aike uku

To, wa ke gaya wa ƙoda ta riƙe ko ta saki? Akwai wasu sinadarai da jiki ke zubawa cikin jini su kai saƙo daga wata gaɓa zuwa wata, likitoci na kiran su homon. Mu a nan 'yan aike za mu kira su. Uku daga cikinsu su ne kan gaba a wannan magana.

Na farko sunansa renin, kuma ƙoda ce da kanta ke fitar da shi idan ta ji ruwa ko gishiri ya yi ƙasa, kamar ga wanda ya wuni yana zufa a gonar auduga. Wani masani mai suna Robert Tigerstedt da ɗalibinsa Per Bergman su suka gano shi a birnin Stockholm a 1898, sa'ad da suka ga ruwan ƙodar zomo yana ɗaga jinin wani zomon. A 1934 kuma Harry Goldblatt a Amurka ya matse jijiyar da ke kai jini ga ƙodar kare, sai jinin karen ya hau ya ƙi sauka. Daga nan aka tabbata ƙoda na iya zama tushen cutar.

Renin idan ya fito, sai ya tarar da wani furotin da hanta ke yi, ya yanko wani yanki daga jikinsa. Wannan yanki in ya ratsa huhu sai a ƙara datse shi, ya zama ɗan aike na biyu, wato anjiyotansin. Shi kuwa ba ya wasa: yana tsuke jijiyoyin jini, yana sa ƙishirwa, sa'an nan ya je ya ta da ɗan aike na uku.

Na ukun shi ne aldostiron, wanda Sylvia Simpson da James Tait suka tace a Landan a 1953. Daga wata 'yar tsoka yake fitowa, wadda ke zaune bisa kowace ƙoda kamar hula. Saƙonsa ga ƙoda ɗaya ne: buɗe ƙofofin da ke mayar da gishiri cikin jini, a zubar da fotashiyam a madadinsa. Idan ruwa ya koma daidai, sai ƙoda ta daina fitar da renin, kowa ya koma ya kwanta. Haka abin ke tafiya ga mai lafiya, dare da rana, ba tare da ya sani ba.

Inda gado ya shigo

Kowane ɗayan waɗannan 'yan aike, da kowace ƙofar gishiri da ke cikin ƙoda, jiki yana ƙera su ne bisa wani rubutaccen tsari da muke gada, rabi daga uwa rabi daga uba. Shi ake kira ƙwayoyin gado. Kamar yadda ɗalibai arba'in za su kwafi darasi ɗaya daga allo amma a sami bambancin harafi nan da can, haka rubutun gado ke bambanta tsakanin mutane. Galibin bambancin ba ya canza kome. Wani kuwa harafi ɗaya ne, amma ya juya ma'ana.

Ga misali mafi fitowa fili. A 1963 wani likita a Amurka, Grant Liddle, ya ba da labarin wata yarinya 'yar shekara 16 mai tsananin hawan jini, fotashiyam ɗin jikinta ya yi ƙasa ƙwarai. Kowa ya zaci aldostiron ne ya yi mata yawa, amma da aka auna sai aka tarar kusan babu shi. Wato ƙofofin gishiri a buɗe suke alhali ba wanda ya aiko a buɗe su. Da aka duba danginta sai ga irin wannan a wurin da yawa daga cikinsu. A 1989, bayan ƙodarta ta gaza, aka dasa mata ta wani, sai matsalar gishirin ta kau, jininta ya sauko. A 1994 Richard Lifton da abokan aikinsa a Jami'ar Yale suka gano kuskuren rubutun: ƙofar ta rasa ɗan abin da ake kama ta da shi a rufe. Duk ɗan da mai wannan cuta ya haifa, ko ya gada ko bai gada ba, rabi da rabi ne. Kuma akwai wata ƙwaya mai arha, amilorid, wadda ke toshe wannan ƙofa kai tsaye.

Cutar Liddle ba ta da yawa a duniya. Amma ta koya wa likitoci abu biyu: hawan jini na iya bin ƙoda duk inda aka kai ta, kuma sanin ainihin inda matsala take shi ke nuna maganin da ya dace. A birnin Kef na Afirka ta Kudu, Farfesa Brian Rayner ya ba da rahoto a 2003 cewa ya sami wani sauyi a wannan ƙofa ɗin a wurin wasu baƙaƙen fata masu hawan jini mai taurin kai.

Ga yawancin mutane kuwa, ba harafi ɗaya ne ke jawo cutar ba. Masana sun ƙirga wurare fiye da dubu a cikin rubutun gado waɗanda kowannensu ke ɗan taɓa awon jini kaɗan-kaɗan, sai sun taru su yi nauyi. An ƙiyasta cewa gado ne ke da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin awon jini tsakanin mutane. Sauran kuwa daga abinci ne, da ƙiba, da shekaru, da irin zaman da mutum ke yi.

Ƙodar da ta saba da fari

Tun wajen shekarun 1960 likitoci suka lura cewa baƙar fata masu hawan jini sun fi Turawa yawan samun ƙarancin renin a jininsu. Ma'anar wannan ita ce ƙoda ta riga ta riƙe gishiri da ruwa isasshe, har ta daina aika ɗan aikenta na farko. Irin waɗannan mutane jininsu kan hau da sauri in sun ci gishiri, ya kuma sauko sosai in sun rage.

Me ya kawo haka? Wasu masana na ganin kakannin 'yan Adam duka sun rayu a ƙasa mai zafi, inda ake zufa da yawa kuma gishiri ke da wuyar samu, saboda haka ƙoda mai rowar gishiri ita ce ta tsirar da su. Wannan hasashe ne, har yanzu ana muhawara a kansa. Mu dai mun san darajar da gishiri ke da ita a dā, tun da kakanninmu fatake sun yi rayuwa a kan kantun Bilma da mangul da kanwar tafkin Cadi, kuma cinikin irin waɗannan kaya da na goro na cikin abin da ya zaunar da Hausawa a garuruwa da dama na ƙasar nan.

Sai dai akwai wani bincike da ya kamata duk mai cewa "gado ne, sai haƙuri" ya ji. A 1992 Xavier Jeunemaitre da abokansa, daga Faris da Amurka, suka gano wani sauyi a rubutun furotin ɗin nan na hanta wanda renin ke yanka, suka ga yana da alaƙa da hawan jini a wurin Turawa. Da aka zo Nijeriya aka duba, sai aka tarar wannan sauyi ya kai wajen kashi 90 cikin ɗari a can, ninki biyu na Turai. In da gado kaɗai ke magana, da kusan kowa a Nijeriya na da cutar. Amma a 1997 Richard Cooper da Charles Rotimi suka buga awon mutum fiye da 10,000 masu asalin Afirka ta Yamma, har da 'yan Kamaru na birni da ƙauye. A Nijeriya da Kamaru masu hawan jini kashi 16 ne cikin ɗari. A tsibiran Karibiyan kashi 26. A Amurka kashi 33. Jini kusan ɗaya, amma cutar na ƙaruwa gwargwadon ƙaruwar ƙiba da gishirin abinci.

Mai karatu ya dubi wannan 16 na 1997, ya dubi 30 na 2015. Ko da yake hanyoyin binciken ba ɗaya ba ne, ba wanda zai ce rubutun gadonmu ya canza cikin shekara goma sha takwas. Tukunyarmu ce ta canza, da kuma ƙafarmu da ta bar tafiya ta hau babur.

Tsando, ciwon barci da ƙoda

Akwai wani gadon kuma wanda ƙodar kanta yake taɓawa. Dukanmu mun san sikila: wanda ya gaji ƙwaya ɗaya yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ya gaji biyu kuwa ya gamu da ciwo. A 2010 Martin Pollak da abokan aikinsa a Amurka suka gano wani abu mai kama da wannan a wata ƙwayar gado da ake kira APOL1. Tana yin wani furotin da ke kashe wasu nau'o'in ƙwayar cutar da ƙudan tsando ke ɗaukowa, dangin wadda ke sa wa shanu sammore da wadda ke sa wa mutane ciwon barci. Ba baƙuwar cuta ba ce a Kamaru, ita Dokta Eugène Jamot ya yi ta yaƙa daga garin Ayos a shekarun 1920, har aka sa wa asibiti sunansa a Yawunde.

Sauyi iri biyu na wannan ƙwaya, G1 da G2, suna ƙara wa jini ƙarfin kashe wani nau'in cutar, amma wanda ya gaji biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, ƙodarsa na cikin haɗari. A 2024 aka buga wani babban bincike a kan mutum 8,355 a Gana da Nijeriya, aka ga masu ƙwaya biyu sun fi saura haɗarin ciwon ƙoda da kashi 25 cikin ɗari, masu ɗaya ma haɗarinsu ya ɗan ɗaga. A wurin irin waɗannan mutane, sau da yawa ƙodar ce ke fara lalacewa, hawan jini ya biyo baya, a yi ta zaton shi ne ya fara. Duk da haka, mafi yawan masu ƙwaya biyu sukan gama rayuwarsu ba tare da ciwon ƙoda ba.

To, mu Hausawa ina muka tsaya? A 2021 Dokta Usman Wudil da abokan aikinsa suka fitar da binciken da suka yi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano a kan manya 2,458 masu karɓar maganin cutar ƙanjamau. Cikin waɗanda suka ce su Hausawa ne ko Fulani, kimanin kashi 2 cikin ɗari ne ke da ƙwaya biyu. Cikin Yarbawa wajen kashi 14, cikin Inyamurai kuwa kusan rabi. Gari ɗaya, asibiti ɗaya, fata iri ɗaya, amma ga tazarar da ke tsakani.

Wannan ya nuna cewa faɗin "baƙar fata" a dunƙule ba ya isa, domin babu nahiyar da mutanenta suka kai na Afirka bambancin rubutun gado. Amma kada wani ya ce tun da shi Bahaushe ne ya tsira. Mu Hausawan Kamaru mun fi kowa sanin yadda gidajenmu suke. Daga Garwa zuwa Ngaundare, daga Birkitari ta Yawunde zuwa Duwala, wane gida ne ba a sami kaka Bafulatana, ko Babarbariya, ko Banufiya, ko 'yar Bamun, ko 'yar kudu ba? Harshe da riga ba sa nuna abin da ke rubuce cikin jini. Shi ya sa wani ɗan ƙasar nan, Farfesa Ambroise Wonkam, ya yi kira a 2021 da a karanta rubutun gadon 'yan Afirka miliyan uku, saboda galibin abin da aka sani zuwa yanzu daga jinin Turawa aka samo shi.

Komawa ga kwalin magani

Yanzu sai mu koma ga kwalin da dattijonmu ya ajiye bisa benci. Sunan da ke jikinsa ya ƙare da haruffan "pril". Wannan dangin magani ne da ya samo asali daga nazarin dafin wani maciji na ƙasar Birazil, na farkonsu ya shiga kasuwar Amurka a 1981. Aikinsu shi ne hana a ƙera ɗan aike na biyu. Ga wanda renin ɗinsa ke da yawa, wannan magani kamar yankan wuƙa ne. Ga wanda ƙodarsa ta riga ta riƙe gishiri har renin ya kwanta, tare hanyar ɗan aiken da bai fito ba ba zai rage ruwa sosai ba. Irin wannan mutum ya fi jin maganin da ke sa fitsari ya fitar da gishiri, ko wanda ke sassauta jijiyoyi, kamar amlodifin.

An gwada wannan a nan Afirka. A 2019 Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranci wani gwaji a kan mutum 728 a ƙasashe shida, Kamaru na ciki, tare da Nijeriya, Kenya, Yuganda, Mozambik da Afirka ta Kudu. Aka haɗa magunguna bibbiyu aka kwatanta har wata shida. Haɗin da ke da amlodifin a ciki, ko da maganin fitsari ko da mai "pril", ya fi haɗin da babu shi saukar da jini. Kafin wannan, a 2017, Dokta Adeseye Akintunde da abokansa sun gwada wata dabara a Nijeriya da Kenya da Afirka ta Kudu a kan mutanen da jininsu ya ƙi sauka. Wasu aka ci gaba da ba su magani yadda aka saba, wasu kuma aka auna renin da aldostiron ɗinsu tukuna aka zaɓa musu. Bayan shekara guda, rabin waɗanda aka auna jininsu ya daidaita, a ɗaya ɓangaren kuwa kimanin ɗaya cikin tara. Mutanen gwajin ba su da yawa, wajen ɗari ne, amma darasin a fili yake.

A nan sai mu ja kunne. Kada wanda ya karanta wannan ya je ya jefar da maganinsa mai "pril". Ga mai ciwon sukari, ko wanda furotin ke zuba a fitsarinsa, wannan dangin magani ne ke kare ƙoda, kuma idan aka haɗa shi da wani yana aiki sosai a jikin baƙar fata. Abin da ake faɗa game da jinsi matsakaici ne na taron jama'a, mutum ɗaya na iya saɓa masa. Mace mai ciki ba ta shan sa sam. Wanda kuma ya sha ya ga leɓɓansa ko harshensa sun kumbura, ya garzaya asibiti nan take, don wannan ya fi faruwa ga baƙar fata. Likita ne kaɗai zai canza magani. Al'adar nan tamu ta "ungo nawa ka gwada, ya yi mini aiki" ita ce ainihin abincin wani gubar wani.

Gishirin da ba mu gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya ci gishirin da ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, a haɗe da duk wanda ke cikin abinci. Mu ƙirga namu: dunƙulen miya, wanda wajen rabinsa gishiri ne, ga shi ana jefa uku ko huɗu a tukunya ɗaya sa'an nan a ƙara gishiri, yajin tsire da na kilishi, busasshen kifi, burodin safe, taliyar leda da yara ke so. Sai kuma kanwa. Mutane da yawa ba su ɗauke ta gishiri ba tun da ɗanɗanonta dabam ne, amma sodiyam ne jikinta, kuma ƙoda ba ta bambanta shi da na gishirin miya. Mai hawan jini da ke shan kunun kanwa kullum, ko ake zuba masa ita a wake da miyar kuɓewa, ko yake jiƙa ta don ciwon ciki, ya sani gishiri yake ƙarawa.

Daddawa da albasa da tafarnuwa da citta suna ba miya daɗi ba tare da an cika dunƙule ba, haka iyayenmu suka yi girki kafin a kawo shi. Wake, dankali, ayaba, zogale da alayyafo suna da fotashiyam mai taimaka wa ƙoda ta saki gishiri, sai dai wanda ƙodarsa ta riga ta taɓu ya tambayi likita tukuna. Harshe kuma yana sabawa: bayan 'yan makonni da rage gishiri, abincin da aka saba ci a dā sai a ji ya yi zartsi.

Akwai kuma ƙwayoyin ciwon jiki da ake saya a tebur ko a bayan keke, irin su diklofenak da ibuforofen, waɗanda 'yan acaɓa da leburori da tsofaffi masu ciwon gwiwa ke sha kamar gyaɗa. Suna sa ƙoda ta riƙe gishiri, suna rage ƙarfin maganin hawan jini, kuma a lokacin zafi, ga mutumin da bai sha ruwa sosai ba, suna iya yi wa ƙoda mummunan lahani.

Abin da ya rage gare mu

Akwai cibiyar wankin ƙoda a nan Garwa, kuma tun 2023 gwamnati ta mayar da kuɗin wankin sefa 15,000 a shekara, maimakon 5,000 da ake biya a kowane zama a dā. Wannan sauƙi ne babba. Amma duk wanda ya taɓa raka ɗan'uwa can, sau biyu a mako, awa huɗu a jikin inji, ga kuɗin mota daga Gidar ko Fitowa, ga gwaje-gwaje, ga sana'a ta tsaya, ya san ba wurin da mutum zai so wa kansa ba ne.

Gwajin ƙwayoyin gado bai zo kusa da aljihun talaka ba tukuna. Amma kowane gida yana da nasa littafin gado, a bakin tsofaffi yake. Mu zauna da su mu tambaya: wa ya yi shanyewar jiki, yana da shekara nawa? Wa ya kumbura kafin ya rasu? Wace ce ta yi jijjiga wajen haihuwa? Idan aka sami irin wannan a uwa ko uba ko 'yan'uwan ciki ɗaya, musamman in ya same su kafin shekara hamsin, to kowane baligi a gidan ya riƙa auna jini aƙalla sau ɗaya a shekara, ko da yana jin kansa garau. Wanda aka tabbatar yana da cutar ya roƙi a duba fitsarinsa a ga ko furotin na zuba, a kuma auna aikin ƙoda da fotashiyam a jini. Matashin da hawan jini ya kama kafin shekara talatin, da wanda ke shan magani iri uku jini bai sauka ba, su gaya wa likita tarihin gidansu, don a irinsu ne ake neman matsalar aldostiron ko ta ƙofar gishiri.

Dattijonmu dai ya koma wurin likitansa, wannan karon da labarin mahaifiyarsa da na yayansa, abin da bai taɓa faɗa ba don ba a taɓa tambayarsa ba. Aka duba fitsari aka ga furotin kaɗan, saboda haka likita ya bar masa ƙwayarsa ta dā, ya ƙara masa amlodifin a kai. Uwargida ta rage dunƙule, aka daina kunun kanwa. Bayan wata biyu ya zo mana ƙarƙashin dalbejiya da 'yar takarda, an rubuta 13 bisa 8. Ya ce ya tara 'ya'yansa biyar ya kai su awo, an kuwa sami babban, ɗan shekara talatin da ɗaya, da 15 bisa 9, shi da ke buga ƙwallo kowace yamma.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara wa masu ita kiyayewa, amin.